Shin Maganin Shafawa Yana Shiga Jini? Sharhi Kan Fata, Magani da Guba a Ƙasar Haɗeja

Akwai maganganu biyu da ake yawan ji a ƙasar Haɗeja, kamar yadda ake jin su a sauran ƙasar Hausa, kuma kowacce tana karo da 'yar'uwarta. Ta farko ita ce, "Ai shafawa ne, ba sha ba ne." Da wannan magana uwa take mulke jaririnta da kirim ɗin da aka sayo a kemis ba tare da ganin likita ba. Da ita budurwa take kwana da man bilicin a jiki shekara da shekaru. Da ita kuma saurayi yake goya tankin feshi a gonar shinkafa a Auyo, ruwan maganin yana zurara a gadon bayansa, hankalinsa kwance tun da bai kai shi baki ba. Ta biyu ita ce ta masu ganin duk abin da ya taɓa fata ya isa ko'ina a jiki: a ɗaura albasa a tafin ƙafa ta zuƙe zazzaɓi, a shafa man zafi ya ratsa har ɓargo ya fitar da sanyi.

Kowacce tana da ƙamshin gaskiya, amma babu wadda ta cika. Fata tana shan wasu abubuwa, tana ƙin wasu, kuma akwai sanannun ƙa'idoji da ke raba wanda zai wuce da wanda zai tsaya. Abin da ya sa batun ya cancanci sharhi shi ne, waɗannan ƙa'idoji ba ruwansu da ko abin magani ne ko guba. Ƙofar da likita yake bi ya shigar da waraka, ita ce maganin ƙwari yake bi ya kwantar da manomi.

Ma'anar wasu kalmomi

Abubuwa uku ne ake haɗawa a kira su maganin shafawa, kuma raba su shi ne matakin farko na fahimta.

Na farko shi ne wanda aikinsa a saman fata yake, ba a buƙatar ya wuce nan, kamar maganin ƙazwa da na makero da ƙyasfi. Na biyu shi ne wanda ake so ya ratsa fata ya kai ga naman da ke ƙarƙashinta ko gaɓar da ke kusa, kamar jel ɗin diklofenak da ake shafa wa ciwon gwiwa da targaɗe. Na uku shi ne wanda fata hanya ce kawai a gare shi, jini ya dosa domin ya zaga jiki duka. Wannan galibi a filasta yake zuwa, wato ɗan ƙyalle mai danƙo da aka ɗura wa magani, a manna shi a damtse ko ƙirji ya riƙa sakin maganin a hankali.

Kirim kalmar aro ce, tana nufin ruwa da mai da aka buga har suka haɗe. Jel ma aro ce, magani ne mai santsi wanda ruwa ya fi yawa a cikinsa, yakan bushe da wuri. Akwai kuma mai zalla mai nauyi irin basilin, wanda yake toshe fata ya hana damshinta fita. Allura da ashanar tsarin iyali da ake sa wa mata a hannu ba sa cikin wannan lissafi, domin su huda fatar aka yi aka ajiye maganin a ƙarƙashinta.

Sai dai wannan rabo a takarda yake. Maganin da aka yi domin saman fata, idan aka yawaita shi, aka game jiki da shi, aka daɗe ana yi, yakan zarce zuwa jini ko ba a so ba.

Yadda aka gina fata

Fatar babban mutum, da za a shimfiɗa ta, takan kai murabba'in mita 1.5 zuwa 2, kusan faɗin tabarmar kwanciyar mutum ɗaya. Hawa uku gare ta. Na ƙasa kitse ne. Na tsakiya shi ne mai ƙananan jijiyoyin jini da tushen gashi da maɓuɓɓugar gumi. Na sama ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, kuma a can samansa akwai wani ɓawo na matattun ƙwayoyin halitta, jeri 15 zuwa 20, wanda a yawancin jiki bai kai kaurin silin gashi ba. Wannan ɓawon shi ne mai gadi na gaske.

Masana kan kwatanta shi da ginin tubali. Matattun ƙwayoyin su ne tubalan, wani maiƙo kuma shi ne ƙasar da ke riƙe su. Magani ba kasafai yake fasa tubali ba. Maiƙon da ke tsakaninsu yake bi, kwana bayan kwana, kamar baƙo a lungunan tsohon gari. Ramin gashi da ƙofar gumi gajeriyar hanya ce, amma duk haɗe ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin fata ba.

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin jinga lokacin da kogin Haɗeja ya cika, kamar yadda aka yi a 2020 da 2022, ya san ba sai jinga ta ɓalle ruwa yake tsallakowa ba. Naso yake yi. Yawan nason ya danganta da tudun ruwan da ke bayanta, da kaurinta, da tsawonta, da kwanakin da ruwan ya yi yana jingine da ita. Haka magani yake da fata: ƙarfinsa, da kaurin ɓawon wurin, da faɗin inda ya taɓa, da lokacin da ya ɗauka a kai. Bambancin kawai shi ne a ɗaya ɓangaren jini yana gudu, yana kwashe duk abin da ya tsallako, saboda haka nason ba ya tsayawa muddin akwai saura a sama. Ɓawon kuma yakan riƙe wani kaso a cikinsa ya ci gaba da saki na sa'o'i bayan an goge na waje. Wannan ne dalilin da ya sa jinkirin wanka bayan feshi yake da tsada.

Abin da ke wucewa da abin da ba ya wucewa

Sharuɗɗa uku ne. Na farko ƙanƙanta. Ana auna nauyin ƙwayar sinadari da wani ma'auni da ake kira dalton, kuma a shekarar 2000 wasu likitocin fata biyu na ƙasar Holan, Bos da Meinardi, suka fito da ƙa'idar da ta shahara: abin da ya haura dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, 162 ne. Diklofenak 296. Insulin kuwa ya kai kimanin 5,800, shi ya sa har yau mai ciwon suga da allura yake karɓarsa, kuma duk wanda ya tallata man shafawa a matsayin madadinta yaudara yake yi.

Na biyu, sai abin ya zama mai narkewa a mai, domin ta maiƙo zai bi, amma ya ɗan yarda da ruwa, domin bayan ɓawon duk ruwa ne. Na uku, sai ya zama mai ƙarfin da ɗan kaɗan ya isa. Farasitamol ƙaramin sinadari ne, amma babba yakan buƙaci miligiram 500 zuwa 1,000 a lokaci ɗaya, fata kuwa ba ta iya shigar da wannan lodi. Saboda haka magungunan da suka cika sharuɗɗan nan uku ba su da yawa.

Abin takaici, magungunan ƙwari da yawa sun cika su. An ƙirƙire su ne domin su ratsa maiƙon da ke jikin ƙwaro, saboda haka ƙanana ne, masu son mai ne, masu ƙarfi ne. Daikilobos, sinadarin da ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiya, dalton 221 ne kacal. Wanda ya ga maganin feshi ya koma fari kamar madara da zarar an zuba shi a ruwa, to ya ga shaidar cewa a cikin wani mai aka narkar da shi, kuma wannan man da kansa yana sassauta maiƙon fata.

Ba duk fata ce ɗaya ba

A 1967 wasu masu bincike biyu a Amurka, Feldmann da Maibach, suka shafa magani iri ɗaya a sassan jiki daban-daban suka auna abin da ya shiga. Da suka ɗauki cikin sangalin hannu a matsayin ma'auni, tafin ƙafa ya sha kimanin kashi ɗaya cikin bakwai na wannan, fatar kai ta ninka shi sau uku da rabi, goshi sau 6, gefen muƙamuƙi sau 13, fatar maraina sau 42. A 1971 aka maimaita da maganin ƙwari mai suna faratiyon, aka tarar fatar maraina ta shanye kusan duk abin da aka sa mata.

Ma'anar wannan a gona a fili take. Mai feshin da ya share gumin goshinsa da hannun riga, ko ya ɗora jiƙaƙƙiyar hula a kai, ko ya zaga ya kama ruwa da hannun da ya dama magani, ya kai gubar wuraren da suka fi kowane rauni. Ma'anarsa ga mai shafa bilicin ma haka ne, tun da fuska da wuya da hamata da matsematsi su ake fi bai wa mai.

Bayan wuri, abubuwa huɗu suna buɗe ƙofa. Zafi yana narkar da maiƙon ya kuma ƙara gudun jini a ƙarƙashin fata. Ruwa yana kumbura ɓawon. Rufi, da leda ko kunzugu ko matsattsen tufafi, yana tara gumi ya ninka shan magani. Rauni kuwa, ko yanka ne ko faso ko kirci ko ƙuna, ɓaraka ce a jinga.

Kowane lokaci na shekara a kwarin Haɗeja yana kawo ɗaya daga cikinsu. Da hunturu, lokacin alkama da tumatir da tattasai da albasa, kaushi da faso ne a hannu da ƙafa. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura maki 40, ga shinkafar rani tana neman feshi. Da damina kuma yini ake yi a cikin ruwa.

Filastar magani: yadda likitanci ya ci moriyar fata

Maganin da aka haɗiya sai ya bi ta hanji ya yada zango a hanta kafin ya shiga gari, hanta kuwa kamar mai karɓar haraji ce a bakin kasuwa, wani maganin sai ta karɓe mafi yawansa. Wanda ya biyo ta fata ya kauce wa wannan shinge. Ba ya tayar da ciki, yana shiga a hankali ba hawa da sauka, mai amai ma yana iya karɓarsa, kuma idan ya kawo matsala sai a ɓamɓare filastar.

Filasta ta farko ta zamani an amince da ita a Amurka a 1979, ta sikofolamin ce, maganin jiri da aman tafiya, ana manna ta a bayan kunne. A 1981 ta naitirogilisarin ta biyo baya domin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya. Tarihin wannan sinadari da kansa darasi ne: da shi ake haɗa nakiya, kuma tun da daɗewa aka lura ma'aikatan masana'antar nakiya suna fama da ciwon kai saboda abin da suke shaƙa da wanda ke shiga ta fatarsu. A 1990 aka sami filastar fentanil, maganin zafin ciwo mai tsanani irin na daji, wadda take kwana uku a jiki, a 1991 kuma ta nikotin domin masu son barin taba. Daga baya aka sami ta tsarin iyali da ake canzawa mako-mako.

Waɗannan filastoci ba su yawaita a kemis ɗinmu ba, saboda tsada, ga kuma gumi da ke ɓamɓare su. Amma masu zuwa Hajji da Umara da masu jinya a manyan asibitoci sukan dawo da su, don haka ya kamata a san ƙa'idarsu. Ba a yanka filasta biyu sai da izinin likita, ba a gasa wurin da ruwan zafi ko a zauna da ita kusa da wuta, ana cire tsohuwa kafin a manna sabuwa, kuma wadda aka cire akwai sauran magani a cikinta, sai a ninke ta a jefar inda yaro ba zai tsinta ba.

Fadama: rigar da ta zama filasta

A nan ne batun ya fi nauyi a ƙasar Haɗeja. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, noman rani ya bunƙasa a kwarin kogin, daga Auyo da Kafin Hausa zuwa Kiri Kasamma da Guri, kuma a 2023 aka ƙaddamar da faɗaɗɗen aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo. Inda noma ya koma sau biyu ko uku a shekara, feshi ma ya ninka: na ciyawa kafin shuka, na tsutsa a tumatir da tattasai, na ƙwari a wake da kankana. Yawanci matasa ne ke yin sa a kan lada, tanki-tanki, gona bayan gona.

Ga mai feshi a fili, fata ita ce babbar mashigar guba, ta fi hanci da baki. A dubi tankin da murfinsa ke yoyo. Maganin ya jiƙa rigar, tankin ya danne ta a baya, rana ta dafa, gumi ya jiƙa fatar, igiyar goyo ta goge kafaɗa, aka yi awa huɗu ko biyar a haka. Duk dabarar da masu haɗa filasta suke nema domin magani ya shiga, ga ta nan ta taru: ƙarfi, faɗi, rufi, zafi, damshi da lokaci. Wasu ma da rigar suke kwana, washegari su mayar.

Ba duk magungunan ne haɗarinsu ɗaya ba. Gilaifoset, maganin ciyawar da ya fi yawa, kaɗan ne yake ratsa lafiyayyar fata. Farakwat, mai ƙone ciyawa nan take, shi ma da farko kaɗan yake shiga, amma yana cin fatar, idan ya yi mata gyambo sai ya wuce ya lalata huhu, kuma an sami mace-mace a ƙasashe da dama ta dalilin tanki mai yoyo. Mafi saurin kayar da mutum su ne dangin daikilobos da kilofirifos. Suna toshe wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isar, sai jijiyoyi su yi ta aiki ba tsayawa. Alamunsu su ne ciwon kai, jiri, dalalar miyau, gumi mai yawa, hawaye, amai, gudawa, rawar nama, ƙanƙancewar ƙwayar ido, sannan sarƙewar numfashi. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko bugun rana. A asibiti akwai allurar atirofin da ke karya wannan guba idan an je da wuri.

Al'adar shan madara ko manja bayan feshi ba ta fitar da abin da ya shiga ta fata. Sabulu da ruwa mai yawa, nan take, su ne magani na farko.

Matsalar ba ta tsaya a gona ba. Akwai gidajen da ake zuba fiya-fiya a kan yara mata domin kashe kwarkwata, a ɗaure da ɗankwali a kwana. Fatar kai tana cikin masu saurin sha, ɗankwalin kuma rufi ne. A 2019 jaridu sun ruwaito rasuwar wata mai yi wa ƙasa hidima a jihar Osun bayan ta sa Sniper a gashinta da wannan niyya, kuma a shekarar ce Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Tsofaffin masunta kuma suna tuna gamalin da ake zubawa a ruwa a kashe kifi. Sinadarinsa, lindan, an daɗe ana shafa shi a matsayin maganin ƙazwa, har aka gano yana ratsa fatar yara ya jawo musu jijjiga. A 2009 aka sa shi cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da su a noma.

Man bilicin da kirim mai haɗi uku

Sitiroyid, kalmar aro, sunan wani rukunin magunguna ne masu kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, waɗanda aka kwaikwayo daga wani sinadari da jiki yake haɗawa a wasu 'yan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda. A hannun likita, na 'yan kwanaki, a ɗan wuri, magani ne mai albarka. Masu ƙarfinsu, irin kilobetasol da betametason, suna kuma haska fata, kuma wannan ne ya kai su cikin man bilicin da haɗe-haɗen da ake damawa a roba babu takarda babu suna.

Mai shafa irin wannan daga fuska zuwa ƙafa safe da dare, a haƙiƙa tana shan sitiroyid ne ta fata. Yau da gobe, in ji Bahaushe, ita ke sa allura ginin rijiya. Fatar takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito, ƙuraje da makero su yawaita, rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. A ciki kuma akan sami kumburin fuska, hawan jini da ciwon suga, ƙullutan saman ƙoda su daina aikinsu saboda sun ga ana kawowa daga waje. Shi ya sa wadda ta daɗe a kai bai kamata ta yanke rana ɗaya ba, sai ta ga likita ya janye mata a hankali. Ga kuma wani zagaye marar kyau: mai ya sirantar da fata, siririyar fata ta ƙara shan mai.

Sauran sinadarai biyu da ake samu a man bilicin su ne haidirokwinon, wanda daɗewa a kansa yake haifar da baƙin tabo mai wuyar fita a kunci da gaɓoɓin yatsu, da zaiba, wadda ke illata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan tayi da ruwan nono. A watan Fabrairun 2023, a wani taro a Kano, shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ana yawan ambaton rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 mai cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man haska fata. Wasu masu bin diddigi sun nuna cewa adadin ya samo asali ne daga bincike a tsakanin 'yan kasuwar Legas, don haka ba daidai ba ne a ɗora shi a kan kowane gari. Amma wanda ya shiga layin masu kayan shafa a kowace babbar kasuwa ta Arewa ba ya buƙatar alƙalami kafin ya yarda abin ya yaɗu.

Kusa da wannan akwai kirim mai haɗi uku, irin su Funbact-A da Skineal, waɗanda suka haɗa maganin makero da na ƙwayoyin cuta da sitiroyid mai ƙarfi. Suna da wurin amfaninsu, amma sun zama maganin kowane ƙurji. Ƙaiƙayi yakan lafa nan da nan, makeron kuwa ya ɓuya ya faɗaɗa a ƙarƙashi.

Jarirai

Jariri yana da fata mai yawa idan aka gwada da nauyinsa, hantarsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, bakwaini kuma ɓawon fatarsa bai gama haɗuwa ba. Kunzugu, musamman na zamani mai leda, rufi ne cikakke. A Faransa a 1972, wata hodar jarirai da aka yi kuskuren cakuɗa ta da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai yawa ta kashe jarirai 36, ba don sun ci ba, ta fata ta shiga. Zuba kirim mai sitiroyid a cikin man shafawar jariri domin ya yi haske, ko shafa shi a ƙarƙashin kunzugu, ganganci ne da ya kamata ungozoma da kakanni su tsawatar a kai.

Akwai kuma wani rauni na gado a jajayen ƙwayoyin jini, likitoci suna kiransa ƙarancin G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin yara maza a Najeriya. Mai wannan rauni, ƙwallayen kafur da ake sawa a akwatin kayan jarirai suna iya farfasa masa jini ya kamu da shawara mai tsanani. Wani bincike da aka buga daga Legas a 1980 ya danganta hodar da ke da mentol, wadda ake barbaɗa wa cibiya, da irin wannan shawara, a ƙasashen Larabawa kuma an ga haka ga jariran da aka shafe da lalle. Abin da hukumomin lafiya suka amince da shi domin cibiya shi ne jel ɗin kilohekzidin, wanda jihar Sakkwato ta fara rabawa da yawa a 2013. A cibiya kawai ake sa shi. Idan ya shiga ido yana makantarwa.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Game da man zafi, irin su Robb da Aboniki, wasu suna rantsuwa da shi, wasu suna cewa ruɗi ne. Gaskiyar tana tsakiya. Zafi da sanyin da ake ji mentol da kafur ne suke taɓa jijiyoyin fata, su ɗauke hankalin jiki daga ciwon. Da yawansu kuma suna ɗauke da wani ɗan'uwan asfirin da ke ratsawa da gaske ya rage ciwon nama. Amma ba ya kai wa ɓargo, ba ya gyara gaɓar da ta cinye. Jel ɗin diklofenak yana da hujja mai ƙarfi a gwiwa da yatsu, inda gaɓar ke kusa da fata, kuma abin da ke shiga jini bai wuce kimanin kashi 6 cikin 100 na abin da ƙwaya za ta shigar ba, wanda sauƙi ne ga tsofaffi da masu gyambon ciki. A ƙugu da tsakiyar baya, inda nama ke da kauri, tasirinsa kaɗan ne.

Game da maganin gargajiya, adalci shi ne a ce magabata sun fahimci fata. Man kaɗanya yana gyara ɓawon da hunturu ya farfasa. Masu ɗori suna shafa mai su naɗe, wato rufi. Wanzamin da ke yin shasshawa kafin ya goga magani ya san lafiyayyar fata ba ta barin abu ya wuce. Matsalar ita ce ƙofar da aska ta buɗe ba ta zaɓen baƙo: ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon sarƙe haƙora duk ta nan suke shiga, ga shi ba a san adadin maganin da ya wuce ba. Albasa a tafin ƙafa kuwa an ɗora ta a inda fata ta fi kauri, kuma illarta ita ce kwanan da yaro zai yi ba a gwada jininsa ba. Jan lalle na gida ba ya cutar da yawancin manya, amma baƙin da ake haɗawa da dayis yana sa wa wasu borin fata mai tsanani da zai riƙa dawowa duk sanda suka sake taɓa shi.

Game da azumi, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya man shafawa da filastar magani cikin abubuwan da ba sa karya azumi. A littattafan Malikiyya akwai magana a kan man da aka shafa a kai har aka ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro, don haka mai shakka ya tambayi malaminsa, amma kada ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai kafin ya tambaya.

Game da kayan kariya, jami'ai suna cewa a sa, manoma suna cewa wanda bai goyi tanki da tsakar bazara ba ne yake faɗin haka. Uzurin manoma na gaskiya ne, kuma wa'azin da ya yi watsi da shi ba zai karɓu ba. Abin da zai yiwu shi ne feshi da sassafe ko da la'asar sakaliya, da riga mai dogon hannu da wando da aka ware domin aikin, da takalmin roba, da safar hannu ta roba ba ta ƙyalle ko fata ba domin su jiƙewa suke, da leda mai kauri tsakanin tanki da baya, da gyara murfi mai yoyo. Lokacin awo da damawa ya fi kowane haɗari, domin a nan maganin yake da cikakken ƙarfinsa, don haka da sanda ake damawa ba da hannu ba.

Abin da ke tafe

Masu bincike suna neman hanyar tsallake ɓawon ba tare da zafin allura ba. Wadda ta fi kusa ita ce filasta mai ɗauke da ƙananan tsinkaye da ido ba ya rarrabewa, waɗanda ke huda ɓawon kawai su narke. A Gambiya an gwada rigakafin ƙyanda ta wannan hanya, sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran sun sami kariya, daidai da masu allura. Ga ƙauyukan Guri da Kiri Kasamma da ruwa ke yanke wa hanya da damina, rigakafin da ake sa ran ba zai dogara sosai da firji da ƙwararren mai allura ba babban sauƙi ne, idan ya kammala sauran gwaje-gwaje.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran sabuwar fasaha. Malaman gona na hukumar raya noma, JARDA, da shugabannin ƙungiyoyin manoman fadama su sa maganar fata cikin horon feshi. Masu kemis su riƙa tambayar wa za a shafa wa, a ina, na kwana nawa, kafin su miƙa kirim. Ma'aikatan asibiti su tambayi mai hawan jini ko mai awon ciki irin man da take shafawa, su tambayi matashin da aka kawo yana amai ko ya yi feshi.

Kai kuma mai karatu, idan maganin feshi ya zube wa wani a gabanka, cire masa rigar nan take, a wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa har kai da ƙarƙashin farce, mai wankewar ya kare nasa hannun da leda. Idan miyau ya fara dalala ko numfashi ya canza, kada a tsaya neman madara. A kai shi asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar maganin.